Daga Zaure Zuwa Tsakar Gida: Kundin Binciken Ƙofa a Finafinai

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya. Shekara shida ke nan ina tace finafinai a wani ƙaramin situdiyo a Kano, kuma a bana na ƙudiri aniyar shirya gajeren fim na kaina, wanda ba zai wuce minti goma sha biyu ba. Labarin wata mata ce da take takaba, wata huɗu da kwana goma tana cikin gida, duk abin da ya shafi duniyar waje sai dai ya iske ta ta bakin ƙofa: masu zuwa gaisuwa, yaran da ake aikowa, 'yan talla, da ƙanin mijinta da yake tsayawa a zaure ya yi sallama. Na ga irin wannan zama da idona lokacin da Goggo ta yi takabar mijinta, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma ni ne ɗan aikenta.

Tun da ƙofa ce ginshiƙin fim ɗin, ba na son in ɗora kyamara kafin in ga yadda magabata a wannan sana'a suka sarrafa ta. Burina shi ne in tara fitowa arba'in cikin mako goma. A kowace fitowa zan rubuta sunan fim da shekararsa, da mintin da take, da inda kyamara ta tsaya, ciki ko waje, da inda haske yake fitowa, da wanda ya tsallaka dokin ƙofa da wanda bai tsallaka ba. Na kuma gindaya wa kaina sharaɗi cewa ba zan shigar da fim ɗin da ban kalla daga farko har ƙarshe ba.

Na ware naira 120,000 daga ajiyata. Yau na sayi littafin rubutu mai kauri 1,500, data ta wata guda 11,000, da faifan ajiya na waje wanda aka taɓa amfani da shi, mai gigabait 500, a kan 22,000.

Litinin, 7 ga Oktoba

Kwana biyu na shafe ina bincike a intanet, kuma abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Idan mutum ya rubuta kalmar ƙofa da Turanci ya haɗa da fim, abin da yake fara fitowa finafinan ban tsoro ne. Shafin IMDb yana da jerin kalmomin da ake liƙa wa kowane fim, amma galibinsu sun shafi abin da ya faru a labari, ba su damu da yadda aka tsara hoto ba. Sai da na gano sunan da masana suke kiran dabarar, wanda ma'anarsa firam a cikin firam, wato ƙofa ko taga ta zama iyakar hoto a cikin hoton, sannan sakamako ya fara kyau. Shafin FilmGrab yana ajiye tsayayyun hotuna daga finafinai masu yawa kyauta, kuma daga nan na tsinci sunaye goma sha huɗu da zan bi. ShotDeck ya fi shi tsarin bincike, sai dai ana biyan kuɗinsa da dala, katina na banki kuwa ba ya biyan dala a yanzu, don haka na haƙura.

Wani abu da na lura da shi shi ne tsayayyen hoto yana iya yaudarar mai bincike. Za ka ga hoto mai ban sha'awa na mutum tsaye a bakin ƙofa, amma ba ka san ko shigowa yake yi ko fita ba, ba ka kuma san tsawon lokacin da darakta ya bar shi a tsaye ba, alhali a nan ma'anar take.

Asabar, 12 ga Oktoba

Daren jiya na kalli The Searchers na John Ford, wanda ya fito a 1956, yau da safe kuma na maimaita farkonsa da ƙarshensa sau biyar-biyar. Fim ɗin yana buɗewa da baƙin allo, sai a buɗe ƙyaure daga ciki, hasken hamada ya faɗo, a ga wata mata tsaye kamar inuwa ta ba mu baya. Tana takawa zuwa baranda kyamara tana biye da ita, har duwatsun Monument Valley su bayyana, can nesa kuma ga mahayi yana tahowa. A ƙarshen fim, bayan shekarun da wannan mahayi ya shafe yana neman 'yar ɗan'uwansa da aka sace, ya dawo da ita, kowa ya shige gida, kyamara tana daga ciki cikin duhu, shi kuwa ya tsaya a waje ya kama hannunsa ɗaya da ɗayan, sannan ya juya ya tafi, ƙyaure ya rufe.

Abin da ya kama hankalina shi ne a duka fitowar biyu kyamara tana cikin gida. Saboda haka mu masu kallo mun zama 'yan gida, shi kuma jarumin da muka bi kusan awa biyu ya kasance baƙo a idonmu, ba tare da wani ya furta haka da baki ba. Mai ɗaukar hoton, Winton Hoch, bai yi ƙoƙarin haskaka cikin ɗakin ba, ya bar shi baƙi ƙirin, ya daidaita kyamara da hasken waje. Akwai kuma wurin da bakin kogo ya yi aikin da ƙofa take yi, na shigar da shi a matsayin fitowa ta uku. Yadda fim ɗin ya nuna mutanen Comanche, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, bai kwanta mini a rai ba ko kaɗan, kuma na rubuta haka a gefen shafi, domin kada sha'awar hoto ta mantar da ni abin da hoton yake faɗa game da mutane.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na sake kallon The Godfather na 1972 saboda ƙarshensa. A nan matar jarumin ce aka bari a waje: tana hango maza suna sumbatar hannun mijinta a cikin ofis, sai ɗaya daga cikinsu ya tako ya rufe ƙofa, mu kuma muna ganin fuskarta daga ciki har ƙyaure ya shafe ta. Fitowa huɗu ke nan a littafi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Wannan mako na Yasujiro Ozu ne. Na kalli Tokyo Story na 1953 a zama biyu, domin tafiyarsa a hankali take kuma ina karanta fassarar da ke ƙasan allo. Labarin tsofaffi biyu ne da suka je birnin Tokyo ziyarar 'ya'yansu, suka tarar kowa yana fama da hidimarsa. Ozu yana ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, daidai da wanda yake zaune a kan tabarmar Japanawa ko ma ƙasa da haka, kuma da wuya ya motsa ta. Ɗakunan suna da ƙofofin da ake turawa gefe, don haka sau da yawa ana hango ɗaki ta cikin ɗaki, mutum ya ratsa ta can baya ya ɓace, kyamara ta ci gaba da kallon wurin da ya bari.

Wannan ya sa na yi nazarin abin da muke yi a nan. Mu ma mutanen tabarma ne da kujera 'yar tsugunne, amma a yawancin abin da ake kawo mini in tace, an kafa kyamara a kan ƙafafunta daidai tsayin mai ɗauka, sai ta riƙa kallon dattijuwar da ke zaune a ƙasa daga sama. Ban taɓa jin an yi haka da wata manufa ba, sauƙin aiki ne kawai, amma a ido yana fitowa kamar kallon raini. A nawa fim ɗin kyamara za ta zauna inda mai takaba ta zauna.

Na kuma yanke shawara a kan taga. A Citizen Kane na 1941 akwai fitowar da uwa take sa hannu a takardar rabuwa da ɗanta, shi kuma ana hango shi ta taga yana wasa cikin dusar ƙanƙara, kuma mai ɗaukar hoton, Gregg Toland, ya ɗauke ta yadda na kusa da na nesa duk suke fitowa tar. Fitowa ce da ta cancanci nazari, amma taga ta leƙe ce, ba a bi ta cikinta, ni kuwa tsallakawa nake bincike. Na buɗe mata shafi daban a bayan littafi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Babu wuta tun farkon mako. Ban kalli komai ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Rashin wutar nan ya game yawancin jihohin Arewa, kuma har yanzu ba a dawo da ita ba. A situdiyo ana tayar da janareta ne don aikin masu biya kawai, kuma bai dace in ci man mutane da aikin kaina ba. Na sayi fetur lita takwas a kan 9,200 na zuba a ƙaramin injin maƙwabcina, muka yi yarjejeniya shi ya yi cajin wayoyin gidansa ni kuma in kunna kwamfuta awa biyu kowane dare. Kafin wannan shiri na kashe 1,500 a wurin mai caji. Fim biyu kacal na iya gamawa a makon, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya ba ni abin da nake nema. Ina da fitowa tara, alhali bisa tsari ya kamata a ce na haura goma sha biyu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, amma wata matsala da ta fi ta cin rai ta ɓullo. Na tura jerin fitowata ga wani abokina da ya yi karatu a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, wanda nake fatan shi zai riƙe mini kyamara. Sai ya kira ni ya ce mintocin da na rubuta ba su dace da abin da yake gani ba. A farkon fim bambancin 'yan daƙiƙu ne, a tsakiya ya kai minti biyu, a ƙarshe kuma kusan minti biyar. Na yi kwana biyu ina zargin kaina da sakaci, na sake duba kowace fitowa, na ga lambobina daidai suke a kwafin da ke hannuna. Shi ma ya duba nasa ya ce daidai ne.

Da muka kwatanta tsawon kwafin biyu sai gaskiya ta fito. Nasa The Searchers minti 119 ne, nawa kuwa 114, ba kuma don an yanke wani abu ba. Fim na majigi yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL da ake amfani da shi a Turai da nan Nijeriya kuwa 25 ne, don haka idan aka mayar da fim kan faifan wannan tsari yakan ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100. Abin kunya ne a ce mai tace fim bai kawo wannan a ransa tun farko ba, domin na san lissafin, ban dai taɓa tunanin zai shafi littafina ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne na riƙa auna tsawon tsayuwar mutum a bakin ƙofa da agogo, ashe a wasu kwafin ina auna abin da aka gaggauta.

Na ƙara layi biyu a kowane shafi: jimlar tsawon kwafin da na kalla, da bayanin abin da ya faru dab da fitowar, yadda kowa zai iya gano ta ko da lambobi sun saɓa. Gyaran ya cinye mini dare uku. Na sabunta data, 11,000.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Da a ce fim ɗaya kawai zan samu a duk wannan bincike, da na zaɓi wanda na kalla jiya, wato Where Is the Friend's House? na Abbas Kiarostami, mutumin Iran, wanda ya fito a 1987. Hoton farko ma ƙofar aji ce, tsohuwa, tana ɗan motsi, hayaniyar yara tana fitowa daga bayanta. Wani yaro ne ya tafi gida da littafin abokinsa bisa kuskure, alhali malami ya yi gargaɗin korar abokin idan ya sake yin aikin gida a wani wuri ba cikin littafinsa ba. Sai yaron ya bar ƙauyensu Koker ya nufi Poshteh yana neman gidan da bai sani ba, yana bi ƙofa-ƙofa, manya suna amsa masa sama-sama ko su ƙi sauraronsa.

A tsakiyar fim akwai mai sana'ar ƙofar ƙarfe yana tallata hajarsa ga dattawa, can da dare kuma yaron ya haɗu da wani tsohon kafinta wanda ya raka shi cikin lunguna, yana nuna masa ƙofofi da tagogin katako da ya sassaƙa da hannunsa, yana jimamin yadda mutane suke cire su suna sa na ƙarfe. Hasken fitilu yana ratsa tagogin yana zana ado a jikin bango yayin da suke wucewa. Kusa da ƙarshe, yaron yana durƙushe yana rubutu, iska ta bankaɗe ƙofar ɗaki, ya ɗaga kai ya hango mahaifiyarsa a tsakar gida tana kwashe shanya.

Na daɗe ban ga fim ɗin wata ƙasa da ya tuna mini cikin birnin Kano kamar wannan ba. Ni ma na yi yawon aike a lunguna, na tsaya a zauruka ina sallama ba a amsa ba, na kuma ga lokacin da aka riƙa ciccire ƙyauren katako ana kafa na ƙarfe. Daga wannan fim kaɗai na shigar da fitowa shida.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau na yi gwajin farko a gidan Goggo da ke cikin birni, kuma bai yi kyau ba. Na yi hayar kyamara ta yini guda 15,000, kuɗin adaidaita sahu da kaya 2,000. Niyyata in kwaikwayi tsarin Ford: kyamara a cikin zaure, ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofa, titi yana bayanta. Mun fara da misalin ƙarfe goma sha biyu na rana, wanda shi ne kuskurena na farko. Da na auna haske a ma'aunin buɗewar idon kyamara, titi yana neman f/16, cikin zaure kuwa f/2, tazarar mataki shida ke nan, kuma tun da kowane mataki ninki biyu ne, hasken waje ya ninka na ciki sau 64. Idan na daidaita da titi, ƙanwata ta zama baƙar inuwa, ba ido ba hanci. Idan na daidaita da fuskarta, titin ya ƙone ya zama fari fat, har mai kurar ruwan da ya wuce ba a iya gane shi.

Inuwa ta yi wa Ford aiki domin daƙiƙu kaɗan yake buƙata, daga nan matar ta fita cikin haske a ga fuskarta. Tawa jarumar ba za ta fita ba har fim ya ƙare, kuma fatarmu tana saurin nutsewa cikin duhu idan ba a lallaɓa haske a kanta ba. Ba zan iya riƙe mai kallo minti goma sha biyu yana duban inuwa ba. Ga kuma ƙyauren ƙarfe na zauren, wanda yake ƙara kamar ana dukan garwa duk lokacin da aka taɓa shi. Da na tambayi Goggo ina tsohon ƙyauren katako, sai ta nuna mini shi a bayan gida, an jingine shi ya zama rufin akurkin kaji. Ƙusoshinsa masu faɗin kai suna nan, gefe ɗaya ne kawai gara ta ci.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Bayan abin da ya faru ranar Asabar na karkata bincike zuwa ga waɗanda suka yi fama da rana irin tamu da kuɗi kaɗan, wato Indiyawan shekarun 1950. Na sayi faifai uku a wani shago kan 1,500, cikinsu har da Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt, na 1959. Na kai minti ashirin ina kallo ina jin wani abu bai daidaita ba: mutum biyu suna zance amma rabin fuskar ɗaya ne a allo, wani lokaci ma ana jin murya babu mai ita. Wannan fim shi ne na farko da aka yi a Indiya da faffaɗan tsarin CinemaScope, amma kwafin da aka sayar mini an datse gefe da gefe domin ya cika allon tsohuwar talabijin, abin da yake zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton. Ga mai binciken ƙofa wannan asara ce babba, domin sau da yawa a gefen firam ƙofa take. Na ajiye faifan, na nemi cikakken kwafi a intanet, kuma na koma na duba duk finafinan da na riga na shigar, na tarar biyu daga cikinsu ma datsattsu ne.

Duk da haka makon bai tafi a banza ba. Mai ɗaukar hoton wannan fim, V. K. Murthy, ya samar da wani dogon zaren haske da ya ratsa duhun situdiyo ta hanyar karkato hasken rana da madubai. Shi kuma mai ɗaukar hoto Subrata Mitra, lokacin da suke aikin Aparajito na Satyajit Ray, wanda ya fito a 1956, an gina musu tsakar gidan birnin Banaras a cikin situdiyo, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a sama ya haska fitilu a jikinsa, haske ya dawo ƙasa a tausashe kamar na sararin sama. Madubi da farin ƙyalle duka ba su fi ƙarfina ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na kalli Moolaadé na Ousmane Sembène, dattijon Senegal, fim ɗinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 2004 kuma aka ɗauka a wani ƙauye na Burkina Faso. Yara mata huɗu ne suka gudo daga kaciya suka fake a wurin wata mata, ita kuma ta ɗaura igiya mai launi a ƙofar gida, ƙasa-ƙasa, a matsayin alamar kariyar da al'ada ta hana kowa ketawa. Babu ƙyaure, babu kwaɗo, igiya ce da ƙaramin yaro zai iya tsallakewa, amma masu neman yaran suka zo suka yi cirko-cirko a gabanta.

Wannan ya gyara mini tunani a kan takaba. Babu wanda ya kulle Goggo, ƙofar gidanta a buɗe take wuni guda saboda masu gaisuwa. Abin da ya tsayar da ita hukuncin addini ne da ta karɓa da zuciyarta. Idan na cika fim ɗina da rufaffun ƙofofi da duhu zan mayar da gidan kurkuku, kuma zan yi wa matar ƙarya. Na kuma lura da yadda launin tufafi da jan bangon ƙasa suke mayar da haske kan fuskokin 'yan wasan, har baƙar fata ta fito da kyawunta.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Aiki ya yi yawa a situdiyo. Fim ɗaya na kalla, babu abin shigarwa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na ware wannan mako ga namu na gida, na kalli finafinan Hausa tara a YouTube, tsofaffi da sababbi. A mafi yawansu kyamara tana jira ne a falo, a ji sallama, a yanka zuwa fuskar mai amsawa, sai kawai a ga baƙo ya riga ya zauna. Zaure, wanda a rayuwarmu nan ne ake tsayar da baƙo namiji, nan ake zance, nan ake ɗaurin aure a gidaje da yawa, ba kasafai ake ba shi muhimmanci a hoto ba. Na san dalilan, domin ina cikin sana'ar: lokeshan na haya ne, lokaci ƙanƙane ne, haska zaure kuma wahala ce kamar yadda na ɗanɗana da kaina.

Amma na tsinci wani abu da ban gani ba a finafinan waje. A namu, murya tana riga jiki shiga gida. Sallama tana tsallaka ƙofa, a amsa ko a yi shiru, a ce a shigo ko a ce ana zuwa, kuma duk wannan yana faruwa kafin a ga mai magana. Na shigar da fitowa uku saboda wannan kaɗai.

Na so ƙwarai in ga Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka gina kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Ban samu cikakken kwafi ba. Abokina na Jos ya ce zai tambaya ko akwai hanyar kallonsa a can.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Raise the Red Lantern na Zhang Yimou, na 1991, labarin kishiyoyi huɗu ne a gidan wani attajiri a ƙasar Sin, inda ake kunna jajayen fitilu a ƙofar wadda maigida zai kwana a ɗakinta, shi kuma maigidan kusan ba a nuna fuskarsa daga kusa. In the Mood for Love na Wong Kar-wai, na 2000, shi ma ya ɓoye fuskokin mijin jarumar da matar jarumin, sai murya ko ƙeya ta bakin ƙofa. Daga su biyun na ɗauki shawarar cewa ƙanin mijin mai takaba ba za a ga fuskarsa ba.

Daga nan na zauna na tace littafin. Fitowa 33 na tara, amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ko labarin zai canza idan aka cire ƙofar, sai 12 suka faɗi, domin ado ne kawai. Saura 21. Ba zan kai arba'in ba, kuma na daina bin lambar.

Asabar, 7 ga Disamba

Gwaji na biyu. Hayar kyamara 15,000, farin yadi kamu shida 9,000, madubi 4,500, sufuri 2,500, data ta wannan wata 11,000. Jimlar abin da na kashe tun farko 116,700, saura 3,300.

Tun ranar Alhamis na je na nemi izinin Goggo a kan farin yadin, domin ya yi kama da likkafani kuma ban so in shiga da shi gidan dattijuwa ba tare da ta sani ba. Ta ce babu komai. Mun fara ƙarfe bakwai na safe, hazon hunturu ya rage kaifin rana, tazarar ciki da waje ta sauko zuwa mataki uku. Muka ɗaura yadin a bangon da ke fuskantar ƙofar ɗakinta, wani yaro ya riƙe madubi a tsakar gida yana jefa rana a jikinsa, na sauke kyamara daidai tsayin mai zaune a tabarma. A karon farko fuskar ƙanwata ta fito sosai, tsakar gida ma ta fito, har ana ganin hayaƙin murhu.

Goggo tana zaune a gefe da carbinta tana kallonmu. Da na sa ƙanwata ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana duban waje, sai ta ce, "Ɗan nan, wa ya faɗa maka mai takaba tana tsayawa a bakin ƙofa tana leƙe?" Na ce, "Goggo, to yaya kika riƙa sanin wanda ya shigo?" Ta ce asabari a sake yake wuni guda, ita kuma tana zaune daga ciki, abin da take gani ta ƙasansa ƙafafu ne kawai. Ta ce kafin wata guda ta haddace takalman unguwar nan kaf, ta san silifas ɗin da aka ɗinke da zare na maƙwabciyarta, ta san wanda yake cire takalmi tun daga nesa da wanda yake zuwa da shi har dokin ƙofa, ni kuma ta san ni da faso da ƙura, domin ba na zama da takalmi.

Na sa aka saki asabarin, na kwantar da kyamara a kan tabarma, na ce yaran gidan su riƙa wucewa. Tsakanin ƙasan asabari da dokin ƙofa akwai tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, haske yana kwarara ta nan, ƙafafu suna zuwa suna tsayawa, sallama tana biyo baya. Mun ɗauki minti huɗu ba yankewa. Cikin fitowa 21 da ke littafina babu ko ɗaya mai kama da wannan.

Saboda haka na ƙara mako uku a kan binciken, kuma abin nema yanzu shi ne ƙafafu da hasken ƙarƙashin ƙofa. Na tuna a Rear Window na Alfred Hitchcock, na 1954, da No Country for Old Men na 2007, akwai inda mutum yake zaune cikin duhu yana kallon zaren hasken da ke ƙasan ƙofa, amma duka biyun tsoro suke ginawa, ni kuwa sabo da jira nake son nunawa, don haka zan kalle su ne don dabarar haske kawai. Wanda na fi sa rai a kansa shi ne A Man Escaped na Robert Bresson, na 1956, inda fursuna yake fahimtar abin da ke faruwa a waje ta hanyar sauti. Ranar Litinin zan kai tsohon ƙyauren wurin kafinta ya duba ko zai gyaru, kuma zan nemi aikin tace bidiyon biki guda biyu kafin ƙarshen wata domin kuɗin gwaji na uku. Goggo ta yarda in zo ranar Juma'a da rikoda, ta ba ni labarin takalman ɗaya bayan ɗaya.